Neman admishin a jami'a: daga katin NIN har ranar da takardarka za ta shigo hannunka

Duk shekara da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye wayata ba ta hutawa. Wannan ya kira yace Malam ɗana fa ya ci 230 amma har yanzu shiru, waccan ta turo saƙon murya tace ƙanwarta karo na biyu kenan tana zana JAMB ba a ba ta ba, ko akwai wanda na sani a ciki a taimaka. To idan nace a turo min takardun in gani, wallahi mafi yawan lokuta ba rashin hanya ne ya kayar da yaron ba kuma ba rashin ƙoƙari ba, wani ɗan ƙaramin abu ne da akai sakaci da shi tun wajen watan Fabrairu, ko an bar wa mai kafe ya cike yadda ya ga dama, ko suna ya bambanta, ko layin waya ya ɓata. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin daga farko har ƙarshe. Ƙannena da ke SS3 da waɗanda suka gama suna zaune a gida ku karanta a nutse, iyaye ma dan Allah ku karanta tunda kuɗinku ne ke tafiya.

Kafin mu shiga ciki ka riƙe wannan: harkar admishin ɗinka kai ne za ka riƙe ta da hannunka, ka san lambarka, ka san fasuwod ɗinka, ka san abin da aka cike maka. Duk wanda zai taimake ka ya taimake ka kana tsaye a wajen kana gani.

Mataki na farko, takardar sakandare

Mutane suna ɗauka da JAMB ake farawa, a'a, da WAEC ko NECO ake farawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin da kake so, a ciki har da Turanci da Lissafi, kuma kada zaman jarabawar ya wuce biyu. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da ɗan makin da ya raba ka da C6 bai fi ɗaya ba, kwamfuta ba ta san wannan ba. Zama biyu yana nufin za ka iya haɗa WAEC da NECO, misali ka samu huɗu a WAEC Lissafi ya faɗi sai NECO ta cike maka, wannan ba laifi a mafi yawan kwasa-kwasai. Amma irin su likitanci galibin jami'o'i zama ɗaya suke so, don haka mai burin zama likita ya san da wannan tun yana SS2. Ana karɓar NABTEB, wato jarabawar makarantun fasaha da sana'a, kuma ɗaliban makarantun Arabiyya da suka zana NBAIS suma takardarsu tana shiga.

A watan Oktoba na 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa masu neman kwasa-kwasan ɓangaren ats ba dole sai da kiredit a Lissafi ba, Turanci ne dole ga kowa. Duk da haka ni ba zan ce ma ka saki Lissafi ba, domin gobe kana iya son canza kwas zuwa wanda ke buƙatarsa, ko wajen neman aiki a tambaye ka, ka same shi ka ajiye ya fi maka kwanciyar hankali.

Wani abu da ke yawan cin yaranmu shine maganar lauya. Yaro ya tashi da burin karanta aikin lauya amma makarantarsu babu malamin Litireca, bai taɓa zana ta ba, sai an zo rajista a gaya masa ai sai da kiredit a Adabin Turanci. In kana da wannan burin ka nemi yadda za ka yi ta ko da a jarabawar waje ne ta wajen Nuwamba da Disamba.

Mataki na biyu, NIN da layin waya

Nan zan ɗan daɗe saboda nan ne tushen yawancin kukan da ake yi daga baya.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da mutane ba su gane ba shine JAMB ba ta tambayarka sunanka, daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take janyo sunan da ranar haihuwa da jinsi, abin da ke can shi za ta ɗauka ko daidai ko kuskure. To mu kuma kun san yadda muke da sunaye. A WAEC an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a takardar haihuwa Muhammadu. Yarinya a makaranta Aisha Sani Bello, a NIN A'ishatu Bello Sani. Wani a gida Abba ake ce masa aka je aka yi NIN da Abba, alhali a takardar makaranta Abdullahi ne. Ranar haihuwa kuwa ba a magana, da yawa wanda ya yi musu rajistar NIN ɗin ne kawai ya ƙiyasta ya saka 1 ga Janairu. Ka ɗauko takardun nan guda uku yau, silif ɗin NIN da takardar haihuwa da sunan da makaranta ta tura wa WAEC ko NECO, ka jera su a kan tabarma ka bi su harafi bayan harafi. In akwai bambanci ka je ka gyara a NIMC tun kafin a fara sayar da fom, don gyaran yana ɗaukar lokaci musamman na ranar haihuwa, kuma da zarar ka buɗe furofayil a JAMB da bayanin kuskure to ka jawo wa kanka zirga-zirga. Wannan kuskuren ba a admishin kaɗai yake tsayawa ba, yana bin mutum har ranar tafiya bautar ƙasa.

Shekaru ma a duba. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. An yi ta cece-kuce a 2024 lokacin da ministan ilimi na wancan lokacin Tahir Mamman ya kawo maganar 18, daga baya Tunji Alausa da ya gaje shi ya mayar da ita 16. Wanda bai kai ba sai dai in ya nuna ƙwazo na musamman, a 2025 sai wanda ya ci 320 zuwa sama ake ma fara duba maganarsa. Iyaye masu tsallakar da yara aji ku lura da nan.

Sai layi. Layin da ka buɗe furofayil da shi ya zama naka a wajen JAMB har abada, da shi za ka duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa, kuma mutum biyu ba sa amfani da layi ɗaya. Kar ka yi da layin mai kafe, kar ka yi da layin abokinka, kar a yi wa ƙani da layin da aka taɓa yi wa yaya. In ba ka da waya a saya maka sim a saka a ƙaramar wayar Umma, a riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci lokaci don kamfani kada ya rufe shi ya sayar wa wani. Imel ma haka, ka buɗe naka na kanka, ka rubuta fasuwod ɗin a bayan littafin da ba ka yarwa.

Mataki na uku, zaɓen kwas da darussa huɗu

JAMB darasi huɗu ake zanawa, Turanci dole ne ga kowa sai ka zaɓi uku, kuma ukun nan ba son ranka ba ne, kwas ɗin ne ke faɗa maka su. Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniyanci: Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Akanta: Lissafi da Ikonomiks da wani guda na ɓangaren. Lauya: Litireca da wasu biyu na ats ko zamantakewa irin su Gwamnati da IRS. Kimiyyar kwamfuta sai da Lissafi da Fiziks. Hausa da Larabci ma darussa ne a JAMB ga masu son wannan fannin. Wanda ya ci 300 da haɗin darussan da bai dace ba, wanda ya ci 190 da haɗin da ya dace ya fi shi kusa da admishin.

Kuma jami'o'i suna da ƴan bambance-bambance, abin da ABU ta yarda da shi a wani kwas ba lallai BUK ko Danfodiyo su yarda ba. JAMB tana da kundin da ta zuba duk waɗannan sharuɗɗan a intanet, IBASS ake ce masa, ka shiga ka zaɓi jami'ar ka zaɓi kwas ɗin zai nuna maka abin da ake nema a WAEC da abin da ake nema a JAMB, kyauta ne, a nan ma manhajar kowane darasi take.

Maganar zaɓin farko kuma ka yi ta da idon basira. Manyan jami'o'in tarayya irin su ABU Zariya da BUK da UNIMAID da Danfodiyo ta Sakkwato masu zaɓin farko kaɗai sun fi ƙarfin gurabensu, saboda haka wanda ya sa su a zaɓi na biyu kusan ado ne kawai. Ni abin da ke damuna shine yadda kowa ya dage sai likitanci ko lauya ko jinya, ajin da zai ɗauki ƴan ɗaruruwa ko ƙasa da haka sai ka ga dubbai sun nema, yaro ya yi shekara uku a gida yana maimaita JAMB alhali da makin da yake samu da tuni yana aji uku a wani kwas mai kyau a Dutse ko Dutsin-Ma ko Gusau ko Birnin Kebbi ko jami'ar jiharsu. Ba nace kar ka yi buri ba. Ka yi, amma ka auna kanka da gaskiya, ka tambayi waɗanda suka shiga bara da nawa aka ɗauke su.

Mataki na huɗu, rajista

Galibi daga ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu ake farawa zuwa Maris. Da layin nan naka za ka tura saƙo zuwa 55019 ko 66019, ka rubuta NIN ka bar fili sai lambobinka goma sha ɗaya, ka tabbatar akwai kati a layin don ana cire kuɗi kaɗan. Za a dawo maka da lambar furofayil tare da sunanka, ka karanta sunan da kyau. Da wannan lambar za ka sayi e-PIN, wato lambar fom ɗin, a banki ko sauran wuraren da JAMB ta amince, a nan za ka faɗa ko kana son jarabawar gwaji ko ba ka so, mai gwaji ya ɗan fi tsada. Farashin yana canzawa, ka duba sanarwar JAMB ta shekarar kar wani ya ƙara maka a kai.

Rajistar kanta a cibiyar CBT, wato cibiyar jarabawar kwamfuta, da JAMB ta tantance kaɗai ake yi, kafe na unguwa ba shi da ikon yi, duk wanda yace kawo kuɗi in yi maka a shago to ko dai zai kai ka cibiyar ne ya ci riba a kanka ko ya yi maka aika-aika. A can za a ɗauki hotonka a ɗauki zanen yatsunka goma. Kafin ma'aikacin ya tura ka matso kusa da allon ka karanta komai da bakinka, kwas, jami'a, darussa huɗu, jiha, ƙaramar hukuma, garin da za ka zana jarabawa. Layi yana da tsawo ana zafi ana yi maka tsawa ka yi sauri, kar ka ji kunya, minti biyun nan sun fi maka shekara guda.

Ƙanwata ke kuma ga taki ta musamman: lalle. Kada ki sa lalle a yatsunki gab da rajista ko gab da jarabawa, ko bikin wa ake yi a gidanku. Na'urar dangwale ba ta karanta yatsan da ya sha lalle da kyau, JAMB da kanta ta ja kunne a kan haka, kuma wadda na'ura ta ƙi gane ta a bakin ƙofa ba a barinta ta shiga. Na taɓa ganin yarinya a gindin wata bishiyar darbejiya a bakin cibiya tana ta goge yatsu da lemon tsami da omo har fatar ta yi ja tana hawaye, babanta na tsaye riƙe da jakarta ya rasa abin cewa, ƴan ajinsu kuma suna ta wucewa ciki. Ki haƙura da kwalliyar har ki fito daga jarabawa.

In sakamakonka na WAEC ko NECO bai fito ba lokacin rajista ba komai, za a sa maka kana jiran sakamako. Amma ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Mataki na biyar, jarabawar

Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimlar maki 400. Tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yi. Wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba kar ya tsorata, ko linzami ba dole ba ne, A B C D na zaɓar amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aiki, ita S ɗin nan ka nisance ta sai ka gama. Amma ka je ka gwada kafin ranar, ko jarabawar gwaji ta JAMB ko manhajojin tsofaffin tambayoyi da ake sawa a waya, ka riƙa sa wa kanka lokaci, don abin da ke kayar da yawanci lokaci ne, mutum ya tsaya kokawa da lissafi guda ɗaya har minti goma ta tafi. Akwai littafin labari da JAMB ke zaɓa ana tambaya daga ciki a Turanci, ka karanta shi da kanka maki ne na sauƙi.

Kamar mako guda kafin jarabawa za a ce a sake cire silif, a nan za ka ga rana da lokaci da cibiya. Ka je ka ga wajen da idonka tun ana gobe. Waya da agogo da kalkuleta duk ba a shiga da su, kalkuleta akwai a kan allon. Masu cewa ka turo kuɗi a ba ka amsa ko a ƙara maka maki ƴan damfara ne kaf ɗinsu, kuma wanda aka kama da satar amsa sakamakonsa ake sokewa.

Mataki na shida, sakamako ya fito

Da layin nan dai za ka tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019. To a nan ne ake ruɗa mutane da maganar katof. Duk shekara JAMB da shugabannin makarantu suna zama su tsayar da mafi ƙarancin maki, a 2024 an sa 140 ga jami'o'i, a 2025 aka sa 150, kwalejin kimiyya da fasaha da ta ilimi kuma 100. Wannan ƙasan ƙasa ne kawai, ma'ana ba a yarda jami'a ta sauka ƙasa da shi ba, amma tana da damar sa nata sama da haka, sannan kowane sashe yana da nasa a ciki. Don ka ci 160 ba ya nufin ka samu, likitanci a babbar jami'a sai ka yi sama sosai kafin ma a kalle ka. Kuma kar ka raina makinka, a sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025 cikin kusan mutum miliyan biyu sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba.

In ka ga makinka bai kai na kwas ɗin ba kar ka zauna jiran ikon Allah ba tare da ka motsa ba, akwai canjin kwas da canjin makaranta, ana biya a shafin JAMB a je cibiyar CBT a yi. Ka yi shi da wuri kafin jami'ar da kake son komawa ta rufe fom ɗin tantancewarta, kuma ka tabbatar darussa huɗun da ka zana sun dace da sabon kwas ɗin, su ba a canza su bayan jarabawa.

Mataki na bakwai, ɗora sakamakon sakandare a JAMB

Ga wajen da nace zan dawo. Ɗan yayata ya ci 247 yana neman injiniyan lantarki, WAEC ɗinsa ta yi kyau, mu duka mun saki jiki. Lokacin rajista yana jiran sakamako ne, da ya fito sai ya kai wa wani mai kafe a unguwarsu kuɗi yace ya ɗora masa. Mai kafe ya ɗora a shafin jami'ar da ya nema, ya ba shi takarda yace shikenan an gama. Jerin farko ya fito babu shi, na biyu babu shi, har abokansa masu 200 da ƴan kai suka samu. Sai da na zo gida hutu na karɓi wayarsa muka shiga CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da admishin ta cikinsa, wajen sakamakon sakandare fayau babu komai. Har yau ina tuna yadda ya zauna a bakin baranda riƙe da silif ɗin nan da ya kai aka yi wa laminatin, yana ta juya shi, uwarsa ta kawo abinci ta ajiye bai ko kalla ba. Kafin mu je a ɗora an riga an cike gurabe. Shekara guda cur ta tafi.

Jami'a daban JAMB daban. Ɗorawa a shafin jami'a ba ya wadatarwa, dole ka je cibiyar CBT da aka tantance ko ofishin JAMB na jiharku a ɗora maka a can, sannan kai da kanka ka shiga furofayil ɗinka ka buɗe CAPS ka duba ka ga darussan sun fito da makinsu daidai. Ba a ba mai jiran sakamako admishin, ko ya ci 350.

Mataki na takwas, tantancewar jami'a da yadda ake rabon gurabe

Kowace jami'a za ta fitar da nata fom ɗin na Post-UTME, wato tantancewar bayan jarabawar JAMB, wasu jarabawa suke yi a kwamfuta wasu kuma takardu kawai suke dubawa su haɗa maki daga JAMB da WAEC, kuma tsarin yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara. Wanda bai cike wannan fom ɗin ba ya fitar da kansa. Ka riƙa leƙa shafin jami'ar na gaskiya, ba shafukan Facebook da gurup na WhatsApp masu sa tambarin makaranta suna karɓar kuɗi ba. Wajen haɗa maki wasu suna raba makin JAMB gida takwas ya koma kashi 50, wato mai 240 yana da 30, ragowar 50 ɗin daga jarabawarsu ko daga WAEC, kaga kenan mai B2 da B3 zai iya wuce wanda ya fi shi a JAMB amma takardarsa duk C6 ce.

A jami'o'in tarayya gurabe kashi uku ake yi musu. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla ko daga ina kake, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Yobe da Borno da Bauchi duk suna ciki. Shi yasa za ka ga wanda ka fi maki ya samu kai ba ka samu ba kuma ba maguɗi akai ba, kason gurabenku ne ba ɗaya ba. Shi yasa kuma jihar da ke kan fom ɗinka take da muhimmanci, sannan neman jami'ar da jiharka ke cikin yankinta ya fi maka sauƙi. Jami'o'in jiha su kuma ƴan jiharsu suke fifitawa.

Mataki na tara, CAPS

Tun 2017 JAMB ta kawo CAPS a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, kuma duk admishin da bai bi ta nan ba ba admishin ba ne. Jami'a ce ke zaɓar ka ta tura sunanka, JAMB ta amince, sai ya rage kai ka karɓa. Ka riƙa shiga aƙalla sau biyu a mako, in da waya kake ka sa burauza a yanayin kwamfuta don shafin ya buɗe gaba ɗaya. Ranar da ka ga an taya ka murna ka danna Accept, kar ka tsaya jan ƙafa don ƴan makonni kawai ake bayarwa, kuma kar ka ba wa wani wayar ya danna maka, wanda ya danna Reject bisa kuskure ya shiga wahala. Wani lokacin jami'a za ta ga ba ka kai na kwas ɗinka ba sai ta yi maka tayin wani, zai fito a wajen amincewa da canji, in ba ka amsa ba maganar a nan za ta tsaya. Ka yi shawara da na gaba da kai ka amsa da wuri.

In wani yace maka ya samo maka gurbi ta bayan fage, ka je ka biya kuɗin makaranta ka fara shiga aji daga baya a gyara, dan Allah kar ka yarda. Akwai waɗanda suka yi shekara huɗu suka gama sai a wajen bautar ƙasa aka ce sunansu ba ya cikin jerin JAMB.

Bayan ka karɓa sai ka biya ka cire takardar admishin ta JAMB da asalin silif ɗin sakamako mai hotonka, sannan ka koma shafin jami'a ka cire tasu. Wajen rajista za a nemi WAEC ko NECO ɗinka, wasu har da katin duba sakamako don su tabbatar, da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko ta rantsuwar kotu, da takardar indijin daga ƙaramar hukumarku, da testimoniyal, da hotuna ƙanana, wasu da takardar asibiti. Indijin ɗin nan ka nema tun yanzu, kar sai ana saura kwana uku a rufe rajista ka fara sintiri a sakatariya. Ka yi hoton kowace takarda da yawa ka zuba a fayil guda, ka kuma ɗauke su a waya ka tura wa imel ɗinka.

Kuɗin rajista ya tashi a ƴan shekarun nan, iyaye a fara tanadi tun ranar da aka sayi fom. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a kai, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye su kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata in ya nemi na kashewa, amma sai ka zama ɗalibi makarantarku ta tura bayananka, kuma za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN, kaga maganar daidaiton suna ta sake dawowa. Ka kuma bincika hukumar tallafin karatu ta jiharku.

In bana ba ta yi ba

Akwai ƙofa ta biyu wato DE, shiga kai tsaye aji biyu. Mai NCE ko difloma ta ND ko HND da sakamako mai kyau zai iya sayen fom ɗin DE a JAMB ba sai ya zana UTME, wato jarabawar JAMB ɗin nan, ba. Akwai kuma IJMB da ABU ke kula da ita, karatun kamar shekara guda ne a darussa uku, ana yi a wurare irin su makarantar share fage ta ABU da ke Funtua da kwalejoji da dama na jihohi, akwai JUPEB ita ma. Wanda ya dage ya samu maki mai kyau zai tarar da abokansa a aji biyu bai yi asarar shekara ba. Sai dai ka tabbatar cibiyar da za ka shiga tana cikin waɗanda aka amince da su, domin JAMB tana tantance sakamakon daga tushe kafin ta yarda, kuma guraben DE ba su kai na UTME yawa ba. Sharaɗin kiredit biyar ɗin nan yana nan a DE ma, don haka in akwai darasin da ya faɗi a WAEC ɗinka ka yi rajistar jarabawar waje ka cike shi a cikin shekarar da kake IJMB ɗin, kuma layin wayar nan da furofayil ɗinka na JAMB su za ka sake amfani da su, kar ka buɗe sabo.